Garuruwan da Suka Daina Amsa Sallama

Ku ja kujeru kusa, ku kife salular nan tukuna. Jiya ina wucewa na ji ɗayanku yana ce wa ɗan'uwansa wai gadin rezo, wato layukan sadarwa, ai hutu ne, mutum ya zauna cikin kilim, iskar sanyi na hura shi, yana kallon kore da ja, wata ya ƙare a ba shi albashi. Ban tanka ba, don shayi ne a hannuna kuma ba na son ya huce. Yau zan tanka. Ni Lawali, a gaban ekran, allon na'urar nan, kaina ya yi fari, kuma rabin furfurar nan a rani guda na same ta.

Aikin farko da aka ba ni a gidan nan riƙon igiya ne. Mushe Laminu (Mushe shi ne malam a bakin 'yan boko), wanda ya koya mini sana'a, yana can saman ƙarfen antan, wato eriya, a wani ƙauye na ƙasar Garagumsa, ni ina ƙasa ina aika masa da kayan aiki, su pinsi da turnabis, cikin bokiti. Na fito lakwal, makarantar boko, da takardata ina jin kaina, sai ga ni ina jan igiya rana na dukan ƙeyata. Na daɗe a haka kafin ya yarda in taɓa ordinater, wato kwamfuta. Cewa ya yi wanda bai san warin batir ba in zafi ya dafa shi, ba abin da zai karanta a ekran. Jakarsa ba wani abin kirki a ciki: miltimeta mai tsagaggen gilashi, pinsi biyu, ƙullin waya, da tsumman goge panno, farantin wutar rana. Amma in ka ɗauki abu ba ka mayar inda ka same shi ba, ranar za ka ji tarihin kakanka.

Abin da muke gadi a lokacin ba irin rezon da kuka sani yanzu ba ne. Wani aikin ruwa ne ya haƙa foraji, rijiyoyin burtsatse, a ƙauyukan Damagaram. Kowane foraji da pomponsa can ƙasa cikin rijiya, da shato, tankin ruwa, a sama, da ɗan ɗaki a gefe. A ɗakin akwai akwati mai auna zurfin ruwa da kuran, wato wutar lantarkin da pompo ke sha, yana aiko da labari ta rediyo zuwa biro ɗinmu, ofishinmu na nan birni. Akwai kuma talho, wayar magana, rataye a bango, shi ma rediyon yake bi. Akwatin ba ya kunna komai, ba ya kashe komai, faɗa kawai yake yi. Maɓalli na hannun mutumin garin da aka naɗa, mai pompo.

To ga inda hatsarin yake. Pompo ruwa ne ke sanyaya shi. In ruwan rijiya ya ja ƙasa ya bar shi yana juyi a bushe, ƙonewa zai yi. Mai pompo yana sama, ba ya gani. Ruwa na zuba masa lafiya lau har lokacin da zai soma tari, in kuwa ya soma tari an makara. Aikinmu shi ne mu gani kafin haka, mu kira, ya kashe, rijiya ta huta ta sake tara ruwa. Shi ke nan sana'ar. In kun ga da sauƙi, ku biyo ni.

Lojisiyel ɗin, wato manhajar da ke karɓar saƙonnin nan, Mushe Laminu ne ya rubuta shi da hannunsa, muka laƙaba masa suna Maigadi. Ku lura da wannan, don a nan duk labarin yake. Saƙo ba ya zuwa da sunan gari, lamba kawai yake ɗauke da ita. Lambar kuma ba ta zama ɗaya: duk lokacin da akwati ya ɗauke ya farfaɗo, rediyo sai ta ba shi sabuwa. Saboda haka in saƙo ya iso, Maigadi sai ya kama jerin garuruwa tun daga sama, ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana tambaya, kai ne mai wannan lamba? Wanda ya ce a'a, ya wuce shi. Wanda bai amsa ba, ya jira, ya sake tambaya, ya jira, har sau uku. Na taɓa tambayar Mushe dalilin uku. Ya dube ni ta saman tabarau ya ce, “A gidanku sau nawa ake sallama kafin a juya?” Ban sake tambaya ba. Kuma a shekarar da ake lafiya ba laifi a cikin hakan. Kowa na gida, kowa na amsawa, kafin ka kurɓi shayi Maigadi ya gano mai magana.

Masu gari su ne manyan baƙinmu. Ranar kasuwa in sun shigo birni sai su biyo ta biro, su tuɓe takalmi a ƙofa ko da mun hana, su ce a nuna musu garinsu. Na tuna wani dattijo daga wajen Dakusa, bai iya karatun boko ba, amma ya san layin da sunan garinsa yake. Yakan sa yatsa a kan gilashin ya ce, “To, ga mu nan.” In ya ga kore sai ya yi murmushi, ya ajiye mana ƙwai ko ƙullin gyaɗa, ya tafi. Ni a lokacin haushi nake ji, don yatsun nan ni ke goge su. Amma ga mutanen nan, sunan gari a ekran ɗin birni ba ƙaramin abu ba ne. Alama ce an san da su.

Sai shekarar farin nan ta zo, wadda ruwa ya ɗauke gero yana da ciki. Tun sanyi bai gama wucewa ba rumbuna suka yi wayam. Maza ne suka soma fita, wasu Kano, wasu Agadas, wasu gaba da nan. Daga baya aka riƙa tashi gida guda, har da awaki. In gari zai tashi, mai pompo yakan yi abin da muka koya masa: ya kwance panno da batir, ya sa a ɗaki, ya datse da kwaɗo. A ekran sai garin ya koma toka-toka, ba kore ba ja. Kowane mako toka na ƙaruwa. Waɗanda suka rage kuma zafi ya kassara musu batir, akwati ya ɗauke ya dawo, ya ɗauke ya dawo, kowane dawowa da sabuwar lamba. Tambaya ta ƙaru, masu amsawa suka ragu. Da farko jinkirin bai dame mu ba. Da bazara ta kama, saƙon da aka aiko da hantsi sai bayan azahar yake fitowa.

Pompon farko da muka rasa a ƙasar Dakusa ne, garin dattijon nan mai yatsa. Talho ya yi ƙara, na ɗauka, mai pompo yana cewa ruwa ya yi tari ya tsaya, ya kashe ya kunna, abu ya ƙi tashi. Na dubi ekran, garin kore shar. Wallahi ina riƙe da talho ina ce wa mutumin nan a wajenmu komai lafiya. Sai can wajen la'asar ja ya fito, wai yana yi mini gargaɗin abin da ya riga ya faru. Washegari muka je, mazan garin suka taya mu jan bututu ɗaya bayan ɗaya, muka fito da pompon baƙi ƙirin. Ba wanda ya zage mu, kuma da sun zaga da ya fi mini sauƙi. Wata tsohuwa ce kawai ta tambaya yaushe sabo zai zo. Mushe bai ɓoye mata ba, ya ce daga ƙetare ake kawowa, ta jirgin ruwa, sannan ta mota, sai an yi watanni. Ta ce to. Ba a daɗe ba garin ya koma toka.

Daga nan hankalinmu duka ya koma kan foraji guda, na Kwarin Aduwa a ƙasar Zermu. Rijiyarsa ta fi sauran zurfi, don haka da na kewaye suka ƙafe, kowa ya juyo can: ƙauyukan maƙwabta da jakunansu, makiyaya da abin da ya rage musu na shanu. Mai pompon garin Malam Habu ne, tsohon manomi, mutum mai tsauri, wanda ko ɗan maigari ba ya tsallake layi a gabansa. Pompon na aiki dare da rana, ruwan kuwa kullum sai ya ƙara ja ƙasa. Mun sani sarai, in wannan ya ƙone, duk mutanen nan tashi za su yi, wasu kuma ba su da ƙarfin da za su kai ko'ina. Sunan Kwarin Aduwa kuma can kusa da ƙarshen jeri yake, don daga baya aka haƙa shi. Duk saƙon da ya aiko, sai Maigadi ya bi ta ƙofar kowane kango kafin ya gane shi. Ni dai abinci ya daina shiga mini.

Aikin gano cutar bai yi wuya ba. Na sa Maigadi ya riƙa rubuta duk abin da yake yi a gefen ekran, na zauna ina kallo. Sai na gan shi ƙiri-ƙiri: ya tsaya a garin da ba kowa, ya yi sallama, ya jira, ya sake, ya jira, ya sake, sannan ya matsa na gaba, shi ma ba kowa. Saƙonni kuwa na bayansa sun yi layi. Na tashi na sami Mushe a teburinsa.

Na ce, “Mushe, mu cire garuruwan da suka yi shiru. Su ne ke cinye mana lokaci.”

Ya ce, “Mu cire su daga ina?”

“Daga jerin.”

Ya ajiye abin da ke hannunsa. “Ka ji labarin mutuwarsu ne?”

“A'a, amma ba kowa a can.”

“Tafiya suka yi, Lawali. Ranar da maigari zai dawo ya shigo nan ya ce a nuna masa garinsa, kai za ka gaya masa mun goge? Kuma masu aikin ruwa da jerin nan suke duba inda za a kai gyara. Sunan da ya fita, ya fita ke nan, ba mai sake tunawa da shi.”

Na san gaskiya ya faɗa. Na kuma san garin mahaifiyarsa na can sama-sama cikin masu toka. Amma raina ya ɓaci, na ce, “Haba Mushe! Muna tsaye a ƙofar gidan da ba kowa, masu rai suna ƙonewa a bayanmu.” Ya ɗauki hularsa ya fita, ranar bai sake yi mini magana ba.

Ku da kuke murmushi, na san abin da ke ranku, wai ai latsa maɓalli ɗaya ne. To ba haka ake aiki da mutane ba. Da na goge a ɓoye, da na rasa malamina, kuma da na cuci garuruwan da ba su yi mini komai ba. Dole in nemo hanyar da Maigadi zai yi sauri ba tare da an jefar da kowa ba.

Abu biyu na kai masa. Na farko, Maigadi ya riƙa tunawa. In ya gano lamba kaza ta gari kaza ce, ya riƙe a kansa, a jere yadda daga lamba zai miƙa hannu kai tsaye ya ɗauko suna, kamar mai tebur da ke ɗauko ashana ba tare da ya waiwaya ba. Sai in baƙuwar lamba ta zo sannan zai yi tambaya, kuma ko a nan kada ya soma daga sama. Ya soma da wanda ya ɗauke yanzu-yanzu, don sabuwar lamba kusan kullum ta wanda ya farfaɗo ce. Na biyu, garuruwan da suka daɗe shiru a ware musu wuri a ƙasan ekran, a rubuta Matafiya a kai. Sunayensu na nan, kowa na gani. Sai dai ba za a bi ta kansu ba in ana gaggawa, za a gaishe su daban.

Mushe ya daɗe yana kallon zanen da na yi masa. Ya ce, “Kullum za a gaishe su?”

Na ce, “Kullum, da sassafe.”

“Sau uku?”

“Sau uku.”

Ya turo mini takardar. “To, rubuta.”

Rubutun nan na sha wuya. Kuran na ɗaukewa da rana tsaka, gurup ɗinmu, injin wuta, kuma man gazuwal ɗinsa a aune yake, Maigadi kaɗai aka yarda ya sha. Ni sai in jira kuran ya dawo in yi sauri, ya ɗauke in koma takarda da alƙalami. Gwaji kuwa, saƙonnin jiya nake kwasowa in zuba wa sabon, in ga ko zai ba da sunayen da tsohon ya bayar. A nan na ga abin da ya tsorata ni fiye da jinkiri. Wani akwati ya ɗauke, rediyo ta ɗauki lambarsa ta ba wani gari, sabon Maigadi kuma yana riƙe da tsohon suna. Ya ce mini ruwa ya ja a wani garin Garagumsa, alhali na Zermu ne ke kuka. Ku yi tunani: ka kira mutumin da ba ruwansa ya kashe wa jama'a pompo, mai matsalar kuma yana can yana ƙonewa, kai kana ganinsa kore. Gumi ya karyo mini a cikin kilim ɗin da kuke magana. Sai na ƙara masa doka: duk akwatin da ya yi shiru, a manta lambarsa nan take, ko da zai dawo bayan ɗan lokaci. Gara a sake tambaya da a faɗi sunan da ba shi ba.

Saura sauyawa. Ba ka tsayar da Maigadi pompo na juyawa, kuma pompon Kwarin Aduwa ba ya hutawa. Mushe ne ya ce Juma'a. Masu pompo na ƙauye sukan kashe tun hantsi, don masallacin Juma'a na da nisa, sai sun taka ko sun hau jaki, kuma ba sa dawowa sai bayan mu na birni mun daɗe da sallamewa. Ranar muka jira har layin kuran na Kwarin Aduwa ya kwanta, muka san Malam Habu ya kashe. Na tsayar da tsohon, na tada sabon. Ekran ya yi fari fat, ba suna ko ɗaya, don bai san kowa ba tukuna. Ladan ya kira. Mushe ya ce, “Tashi mu tafi.” Na ce in tsaya in gani. Ya ce, “Tsayuwarka za ta ƙara masa wayo ne?” Muka tafi. Allah ya yafe mini, huɗubar ranar ban ji ko kalma ɗaya ba, tunanina na kan wani layi da nake shakkar ko na rufe shi daidai. Ana sallamewa na bar Mushe yana gaisawa da mutane, na dawo da gudu, takalmina ɗaya ma ba nawa ba ne.

Na tarar sunaye sun cika ekran. Matafiya na ƙasa a jere. Can aka jima masu pompo suka soma dawowa, layin kuran na kowane gari yana tashi a gabana. Na kira Malam Habu na ce ya kunna ne? Ya ce yanzu ya ɗauke hannunsa daga maɓalli, yaya aka yi na sani? Na zauna a ƙasa dirshan. Mushe ya shigo, ya duba sama, ya duba ƙasa wajen Matafiya, ya ga sunan garin mahaifiyarsa, ya ce, “Madalla.” Iyakar yabon da na samu ke nan, kuma ya ishe ni.

Yanzu ku ne za ku rubuta Maigadi na gaba, na ga zanenku a allo. Ba laifi. Kun ce kowane akwati ya zo da sunansa a cikin saƙo, a daina tambaya gaba ɗaya. Daidai ne, da mun sami akwatunan da za su iya haka da ba mu sha wuya ba. Ni abin da zan ƙara, kada komai ya rataya a birni. Kowane yanki a ba shi ƙaramin maigadinsa a gindin antan, ya san na kusa da shi, ya aiko da abin da ya dame shi kawai. In hanyar birni ta yanke, shi ya ci gaba da aiki. Kuma don Allah ku daina gwada abu a ranar da komai ke lafiya kuna tafa wa kanku. Ku kashe rabin akwatunan, ku sa sauran su riƙa ɗaukewa suna dawowa, sannan ku auna saurinsa. Ranar da ake bukatarsa, haka zai tarar da duniya. Na ga kuma kun rubuta wai akwati ya riƙa kashe pompo da kansa, a cire mutum daga ciki. Ku sa, ban hana ba, zai ceci pompo da yawa. Amma kafin ku yanke yadda za ku yi shi, ku ji yadda kashe pompo yake a wurin.

Ba a yi mako da sauyawar ba, da rana tsaka, zafi kamar zai tsaga kwano, ja ya fito: Kwarin Aduwa. Wannan karon ba tsohon labari ba ne, a lokacin abin ke faruwa. Ruwan na sauka a gabana, saura kaɗan ya kai kan pompo. Na fizgi talho. Ya daɗe yana ƙara kafin a ɗauka.

“Malam Habu, Lawali ne. Kashe pompo yanzu.”

Bayansa hayaniya ce, kukan shanu, ƙarar bido, wato jarkokin ruwa, muryoyin mata. Ya ce, “Mushe Lawali, ruwa na zuba lafiya.”

“Na sani. Ba zai daɗe ba. Kashe, Malam.”

“Ka san mutum nawa ke gabana? Akwai waɗanda suka kwana a hanya. Akwai shanun da in ba su sha yanzu ba, ba za su tashi daga nan ba. Kai kana cikin inuwa kana ce mini in kashe.”

Na ce, “Gaskiya ne, ina cikin inuwa. Amma na ga na Dakusa da idona. In ya ƙone, ba yau kaɗai za su rasa ba.”

“Har yaushe zan kashe?”

“Sai rijiya ta taru. Wajen la'asar sakaliya, in Allah ya yarda.”

Lambar zurfin ruwa da ke gabana ta sake sauka. Mushe ya zo ya tsaya a bayana. Sai Malam Habu ya rage murya ya ce, “Ka san wa ke bakin pompo yanzu? Hajo ce, uwar 'ya'yana. Tun asuba take layi, ban taɓa shigar da ita gaba ba. Yanzu aka zo kanta. Bari bidonta ya cika.”

Na dubi ekran. Wallahi na so in ce to. Bido ɗaya ne. Amma ban san ko akwai ruwan bido ɗaya tsakanin pompon nan da iska ba, kuma ba zan yi masa ƙarya ba. Na ce, “Malam, ban sani ba ko zai kai.”

Na ji ya ajiye talho a kan wani abu, bai rataye ba. Idona na kan layin kuran. Ya tsaya a sama, ya tsaya, har na soma salati. Sai layin ya faɗi ƙasa, ya kashe ke nan.

Abin da ya biyo baya ta talho na ji shi. Ihu ya tashi gaba ɗaya. Wani na dukan ƙofar ɗakin da sanda, wani na cewa an sayar da ruwan ne, wani na kiran sunan Malam Habu da zagin da ba zan maimaita ba. Ni da Mushe muna tsaye, ba abin da za mu iya. Can sai wata murya ta mace ta fito sama da sauran, ba ihu take ba, amma ana jin ta. “Ku dubi bidona. Ku duba mana! Ko rabi bai kai ba. In da sayarwa ya yi, ni zai hana? Ni zama zan yi.” Hayaniyar ba ta mutu nan take ba, amma dukan ƙofar ya tsaya. Daga nan wani ya rataye talhon.

Yinin nan ban tashi daga kujera ba sai don salla. Ruwan na hawa a hankali, a hankali, kamar ba ya so. Da ya kai inda hankalina ya kwanta, rana ta yi sanyi, na kira na ce ya kunna. Layin kuran ya tashi sumul, pompon lafiyarsa lau. Mushe ya sauke numfashi ya fita alwala. An jima talho ya sake ƙara, Malam Habu ne, muryarsa ta dushe.

Ya ce, “Yana zuba.”

Na ce, “Alhamdu lillahi. Sannu, Malam. Hajo ta samu?”

“Layin ya watse a cikin rigimar. Da aka sake jerawa, ban yarda a ce matata ce a sa ta gaba ba. Tana can baya, wajen garken shanu.” Sai ya ƙara da cewa, “Mushe Lawali, kai da kake gani. Duba mini, ruwan zai kai kanta?”

Na duba. Lambar ta riga ta soma sauka.

Na ce, “Malam Habu, kada ka yi nisa da talho.”